Jirgin ruwan da babu kowa a cikinsa zai iya farautar jirgin ƙarƙashin teku?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. Tun 2010 hukumar binciken fasahar yaƙi ta Amurka, DARPA, ta fara shirin ƙera jirgin ruwan da babu mutum ko ɗaya a cikinsa, aikinsa kawai ya liƙe wa jirgin ƙarƙashin teku na abokan gaba, ya bi shi duk inda ya nufa, mako da makonni. A watan Afrilun 2016 suka ƙaddamar da shi a birnin Fotland na jihar Oregon, suka raɗa masa suna Sea Hunter. Tsawonsa mita 40, siririn jiki ne a tsakiya da wasu ƙanana biyu a gefe don kada igiyar ruwa ta kifar da shi. Kuɗin ƙera shi kusan dala miliyan 20. Lissafin da suka bayar shi ya ja hankalina: shi yana cin dala dubu 15 zuwa dubu 20 a rana, alhali babban jirgin yaƙi irin wanda ake turawa wannan aiki yana lashe wajen dala dubu 700 a rana. To in abin ya tabbata, ashe ba ƙarshen ɓuyan jiragen ƙarƙashin teku ya zo ba?

Sadiq:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni a wajena ai an gama magana. Kuɗin yini ɗaya na babban jirgi zai riƙe irin wannan sama da talatin. A zuba su ɗari a teku, ina jirgin ƙarƙashin ruwa zai shiga? Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Injiniya Lawal:
Sadiq, yi a hankali. Akwai abu biyu da mutane ke haɗawa wuri guda: nemo jirgin ƙarƙashin teku, da bin sa bayan an nemo shi. Sea Hunter don na biyun aka yi shi. Tsarin da aka zana tun farko shi ne wani ya fara hango inda jirgin yake, ko jirgin sama irin P-8 da ke watsa na'urorin sauraro a kan ruwa, ko na'urorin da aka shimfiɗa a ƙasan teku, sannan a ce wa wannan: ga shi can, je ka zame masa ƙarfen ƙafa. Amfaninsa shi ne ya sauke wa babban jirgi mai sojoji kusan 300 wahalar gadin jirgi ɗaya. Amma matakin farko, wato a gano shi, nan ne wuyar take, kuma arahar jirgi ba ta rage ta da komai ba.

Sadiq:
Injiniya, ba tauraron ɗan'adam ke ganin komai yanzu ba?

Injiniya Lawal:
A bisa ruwa, ƙwarai. A ƙarƙashinsa kuwa tauraron ɗan'adam makaho ne. Ruwan gishiri yana shanye igiyar rediyo da ta rada cikin 'yan mitoci, haske ma ba ya nisa. Sauti kaɗai ke tafiya mai tsawo, wajen mita 1,500 a daƙiƙa guda, ya ninka saurinsa a iska fiye da sau huɗu. Shi ya sa duk farautar nan ta kunne ce, da na'urar da ake kira sona.

Kuma sona iri biyu ce. Akwai mai kasa kunne kawai, tana jiran ta ji ƙarar inji ko ta farfela. Akwai mai buga ƙara cikin ruwa ta jira amsa-kuwwa ta dawo daga jikin ƙarfe. Ta farkon ba ta tona asirinka, amma in wanda kake nema ya yi tsit ba za ka ji shi ba. Ta biyun kamar mai haska tocila ne a cikin duhu, wanda kake nema zai hango ka tun daga nesa kafin kai ka gan shi.

Sannan teku ba ruwa ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Na sama ɗumi gare shi, na ƙasa sanyi, kuma a inda suka haɗu sauti yakan lanƙwashe ya canza hanya. Kwamandan da ya san aikinsa sai ya nutsa ƙarƙashin wannan iyakar ya lafe, ƙarar da kake bugawa daga sama ta riƙa wucewa ta gefensa. Ga kuma hayaniyar jiragen kasuwanci, da ta kifaye, da duwatsun ƙasan teku masu mayar da amsa-kuwwa kamar jirgi.

Baba Audu:
Madalla da wannan bayani, Injiniya. Bari in ƙara wa yaran nan tarihi, don su san abin da ya tsorata Amurka har ta shiga wannan nema. Tsoron da ya haifi shirin nan na ƙananan jiragen ƙarƙashin teku ne masu injin dizal da batir, waɗanda ƙasashe da yawa ke iya saye. Idan irin wannan ya kashe inji ya koma kan batir, kusan babu abin da ake ji. A 2005 Amurka ta yi hayar wani jirgin Suwidin mai suna Gotland da ma'aikatansa, aka kai shi San Diyego don a riƙa atisaye da shi. A cikin atisayen ya ratsa duk masu gadi ya isa kusa da katafaren jirgin dakon jiragen yaƙi Ronald Reagan, ya ɗauki hotunansa, wanda a ƙa'idar wasan ya nutsar da shi ke nan. Suka tsawaita hayar har 2007. A Oktoban 2006 kuma wani jirgin Chaina ya ɓullo saman ruwa kimanin kilomita 8 daga jirgin dakonsu Kitty Hawk a kusa da Okinawa. Sai a Maris na 2010 jirgin yaƙin Koriya ta Kudu, Cheonan, ya dare biyu, sojoji 46 suka mutu, binciken da aka yi ya ce makamin ƙarƙashin ruwa ne na Koriya ta Arewa, ita kuma ta musanta. Duba shekarar da aka fara shirin Sea Hunter ka gani.

Malam Habu:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wato ke nan an auna shi ne da masu dizal.

Injiniya Lawal:
Haka ne Malam, kuma a nan dabarar tana da ma'ana. Mai dizal yana da rauni guda: numfashi. In ya yi gudu sosai a ƙarƙashin ruwa batirinsa ba ya wuce awa ɗaya ko biyu. In ya yi rarrafe a hankali zai kai kwanaki, masu sabon tsari irin na Gotland har mako biyu ko fiye. Amma komai daɗewa sai ya taso kusa da sama ya miƙa bututu ya shaƙi iska ya kunna inji. Shi kuwa Sea Hunter yana iya gudun kilomita 50 a awa, in kuma ya bi a hankali mansa zai kai shi sama da kilomita 18,000. Ba ya barci, ba ya yunwa, babu mai kewar iyali a cikinsa. Idan ya riga ya hau kanka, kai ne za ka fara gajiya.

Mai injin nukiliya kuwa wata magana ce daban. Shi yana iya zabga gudu kwana da kwanaki a can ƙasa inda igiyar ruwa ba ta dame shi ba. Jirgi irin Sea Hunter mai tan 140 a bisa ruwa, da zarar igiya ta haura mita huɗu, ta kansa yake yi.

Dakta Zainab:
Ni tambayata ɗaya ce, kuma ina ganin ita ce ta fi muhimmanci. An ƙaddamar da jirgin nan tun 2016. A 2018 DARPA ta miƙa shi ga ofishin bincike na rundunar ruwa. A 2021 aka kawo ƙaninsa, Seahawk. Me ya sa har yanzu ba mu ga an ƙera ɗari ɗin da Sadiq ke faɗa ba? Duk labaran da ake yayatawa a kansa na tafiya ne: ya je Hawai ya dawo, ya shiga babban atisayen sojojin ruwa na ƙasashe da yawa, RIMPAC, a 2022, a 2023 shi da wasu uku sun ƙetare Fasifik har Japan da Ostareliya. Duk wannan yana nuna jirgin ya iya tuƙa kansa. Bai nuna ya iya riƙe jirgin ƙarƙashin teku da ke ƙoƙarin kufce masa ba. Rundunar ma da kanta ta koma ɗaukarsa a matsayin abin gwajin na'urori iri-iri, na leƙen asiri da na sadarwa.

Sadiq:
Anti Dakta, irin wannan sakamakon ai ba a shelarsa. Sirrin soja ne.

Dakta Zainab:
Na yarda ba a shelar sakamako, ƙanena. Amma ana shelar kasafin kuɗi. Abin da soja ya gamsu da shi, yawan wanda ya saya ke faɗa.

Baba Audu:
Tafiyar Hawai ɗin ma a faɗe ta yadda take. Kamfanin Leidos da ya haɗa jirgin ya sanar a farkon 2019 cewa ya je ya dawo San Diyego babu ma'aikaci a ciki, amma akwai jirgin rakiya a biye da shi, kuma mutane sun riƙa hawa na ɗan lokaci suna duba wuta da inji. Ba raina abin nake ba, babban aiki ne. Sai dai duk wanda ya san injin dizal ya san rabin aikin ma'aikatan jirgi gyara ne. Matatar mai ta toshe, famfo ya tsaya, gishiri ya ci waya, tsumman ragar masunta ya naɗe farfela. A jirgi mai mutane wannan aikin minti talatin ne. A wanda babu kowa, sai dai a turo wani jirgin daga nisan kwana uku. In ka sa kuɗin jirgin rakiya da na masu zaune a ɗakin sa ido a tudu, dala dubu 20 ɗin nan za ta kumbura. Araha dai ba ta ado.

Injiniya Lawal:
Gaskiya ne Baba. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan ke saka komai bibbiyu, in ɗaya ya mutu ɗaya ya karɓa. Kuma kowane ƙari yana cin arahar da aka fara tallata abin da ita.

Barista Hauwa:
Ku ba ni dama in shigo da ɓangaren doka, don akwai rami a nan. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, a sashe na 29, ta fayyace abin da ake kira jirgin yaƙi: dole ya kasance ƙarƙashin umarnin hafsan da gwamnati ta naɗa, kuma da ma'aikata masu bin horon soja. To jirgin da babu kowa fa? Hafsan da ke zaune gaban kwamfuta a wata nahiya shi ne kwamandansa? Lauyoyi na ta ja-in-ja a kai. Sannan dokokin kauce wa karo a teku na 1972, doka ta 5 ta ce kowane jirgi ya kasance da mai tsaro da ido da kunne a kowane lokaci. Masu Sea Hunter sun ce kyamara da rada sun wadatar, kuma sun sha gwada shi a kan waɗannan dokoki. Wataƙila. Amma sashe na 98 na waccan yarjejeniya ya wajabta wa shugaban jirgi ceton wanda ya gani yana nutsewa. Wa zai miƙa hannu ya jawo mutum?

Abin da ya fi wannan shi ne a aikace an riga an ga yadda ƙasashe ke ɗaukar kayan da babu mutum a ciki. A Disambar 2016 sojojin ruwan Chaina suka tsame wata na'urar ƙarƙashin ruwa ta Amurka a gaban idon jirgin da ya sake ta, Bowditch, a yammacin Filifin, sai bayan kwanaki suka mayar. A ƙarshen Agustan 2022 dakarun juyin juya halin Iran suka ɗaura wa wani ƙaramin jirgi marar matuƙi na kamfanin Saildrone igiya a Tekun Fasha suka fara jan sa, sai da Amurka ta turo jirgin sintiri da helikwafta suka sake shi. Kwana biyu bayan haka wani jirgin yaƙin Iran ya kwashi guda biyu a Bahar Maliya ya ɗora a kansa, washegari ya zubar da su. Da akwai soja ko ɗaya a ciki, babu wanda zai yi wannan gangancin.

Malam Habu:
Barista, amma wannan ba alheri ba ne? An ɗauke ƙarfe, an mayar da ƙarfe, babu wanda ya mutu, babu yaƙi.

Barista Hauwa:
Ta wani gefen alheri ne, Malam. Ta ɗaya gefen kuma, abin da ba a jin zafin rasa shi an fi saurin tura shi inda bai kamata ba. Kwamandan da ba zai kai sojoji 300 bakin ruwan wata ƙasa ba, zai tura inji ba tare da ya yi dogon tunani ba. Wancan ɓangaren shi ma zai harbe shi ba tare da dogon tunani ba. Kowa na ganin abin ƙarami ne, har ranar da ɗaya ya ɗauke shi babba.

Baba Audu:
Yauwa 'yata, kin kawo mu inda nake jira. Ku bar batun masu dizal. A ce fasahar nan ta nuna, ta kai ana iya bin kowane jirgi. Amurka na da jiragen ƙarƙashin teku 14 samfurin Ohio masu ɗauke da makaman nukiliya. Birtaniya huɗu, kuma tun 1969 ba a taɓa wayar gari babu ɗaya daga cikin nata a teku ba. Faransa huɗu. Rasha da Chaina da Indiya kowa da nasa. Duk hikimar ajiye su ita ce ba a san inda suke ba, don haka babu wanda zai fara kai hari yana tunanin zai share makaman abokin gaba gaba ɗaya. Ɓuyansu ta kai a Fabrairun 2009 na Birtaniya, Vanguard, da na Faransa, Le Triomphant, suka yi karo a tsakiyar Atlantika, kowane bai ji zuwan ɗan'uwansa ba. To ranar da shugaban wata ƙasa ya tabbata cewa kowane jirginsa akwai inji a bisa kansa yana bin sa, kuma rikici ya taso, me kuke jin zai yi? Zai ce bari in harba kafin a nutsar min da su.

Injiniya Lawal:
Baba, da girmamawa, a nan kam ina da ja. Wannan tsoron an daɗe ana yin sa. Tun shekarun 1950 Amurka ta shimfiɗa na'urorin sauraro na SOSUS a ƙasan teku, ta tsare mashigar da ke tsakanin Girinland da Aisland da Birtaniya, kuma ta daɗe tana jin jiragen Tarayyar Sobiyet. Me ya biyo baya? Sobiyet ta rage ƙarar jiragenta, ta ƙera makamai masu dogon zango, ta koma ajiye jiragen a ruwan da ke kusa da gida kamar Tekun Barents inda take iya kare su. Mai ɓuya ba ya zaune yana jira. Yau ma zai saki na'urorin yaudara masu kwaikwayon ƙararsa, ya bi ta ƙarƙashin ƙanƙarar Arewa inda jirgin saman ruwa ba ya shiga, ko a toshe sadarwar injin da tauraron ɗan'adam. Inji ya ga jirgi amma ya kasa faɗa wa kowa, me aka yi?

Ku tuna jirgin ƙarƙashin teku na Ajantina, San Juan, da ya ɓace a Nuwambar 2017 da mutum 44. Ƙasashe fiye da goma suka taru nema, an san yankin da ya ɓace, shi kuma yana kwance wuri ɗaya ba ya motsi. Sai da aka shekara cur kafin wani kamfani ya gano shi a zurfin kusan mita 900, da na'urori marasa matuƙi. To ina ga wanda ke da rai yana gudun a gan shi?

Baba Audu:
Ban ce za a iya ba, Injiniya. Na ce ya isa shugaba ya zaci an iya. A Oktoban 1962, lokacin rikicin Kyuba, jiragen Amurka sun rutsa wani jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet, B-59, suna jefa masa ƙananan bama-baman gargaɗi don ya taso. Ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. Waɗanda ke ciki batir ya kusa ƙarewa, zafi ya ishe su, ba su da labarin Mosko, suka zaci yaƙi ya ɓarke. Hafsa ɗaya, Vasili Arkhipov, shi ya ƙi amincewa a harba. Wancan karon mutane ne a sama, suna iya lura cewa abin ya yi yawa su ja baya. Inji an ce masa kada ka rabu da shi, ba zai rabu da shi ba.

Sadiq:
Amma Baba ai Sea Hunter ba ya ɗauke da makami.

Dakta Zainab:
Yanzu ba ya ɗauke da shi. Tun ranar ƙaddamarwar mataimakin sakataren tsaron Amurka na lokacin, Robert Work, ya nuna cewa wata rana za a iya ɗora wa irinsa makamai, da sharaɗin mutum ne zai yanke hukuncin harbi. Suna da ƙa'ida a rubuce tun 2012, aka sabunta ta a 2023, mai cewa dole a bar wa ɗan'adam gwargwadon hukuncin da ya dace wajen amfani da ƙarfi. Wannan "gwargwadon da ya dace" ɗin kowa da yadda zai auna shi. Kuma bayan abin da Yukiren ta yi wa rundunar Rasha a Bahar Aswad da ƙananan jirage marasa matuƙi masu ɗauke da bam, har ta nutsar da irin su jirgin yaƙi Ivanovets a Fabrairun 2024, babu rundunar da za ta daɗe tana kallon jirgi marar matuƙi a matsayin kunne kawai.

Barista Hauwa:
Kuma shi wanda ke ƙasa ba shi da hanyar sanin ko na saman da makami ko babu. Ƙarar sona kawai yake ji tana dukan jikin jirginsa dare da rana.

Dakta Zainab:
Ƙarar nan ma ba shi kaɗai take duka ba. A Maris na 2000 kifayen wel sun yi ta fitowa gaɓa suna mutuwa a tsibiran Bahamas bayan atisayen sona, kuma binciken gwamnatin Amurka ya danganta abin da ƙarar. Wancan atisayen na ɗan lokaci ne. Ku auna jirage ɗari suna bugawa wata da watanni.

Malam Habu:
Injiniya, a ce kai ne kwamandan mai dizal, ka wayi gari wannan abu na bisa kanka. Me za ka yi?

Injiniya Lawal:
Ba zan yi tsere da shi ba, Malam, batirina zan ƙona a banza. Zan nufi inda jiragen kasuwanci suka fi cunkoso, irin mashigar Malaka, in lafe ƙarƙashin wata babbar tankar mai in bi ta a hankali. Ƙarar farfelarta za ta rufe tawa, shi kuma dokar kauce wa karo da aka cusa masa za ta tilasta masa ya ba tankar hanya. In hakan bai yi ba, in shiga ruwan ƙasata, mil 12 daga gaɓa, inda ba shi da izinin yin wannan aikin. In kuma ina da waya da gida, in ce a turo kwalekwalen masunta biyu su ja raga a gabansa.

Sadiq:
Haba Injiniya, jirgin dala miliyan 20 da ragar kamun kifi?

Injiniya Lawal:
A 2009 masuntan Chaina sun yi wa jirgin sauraron Amurka, Impeccable, kusan haka a kudu da tsibirin Hainan. Suka tare gabansa, suka zuba katakai a ruwa, suka riƙa ƙoƙarin kamo igiyar sonarsa da ƙugiya. Ma'aikatansa da mesar kashe gobara suka riƙa feshe su da ruwa. A Sea Hunter wa zai riƙe mesar?